Gamzaki da Hanyarsa

Wurin karatu: 2 Bitrus 1:19, Ru'ya ta Yohanna 22:16.

A wurare biyun nan an ambaci tauraron asubahi, wanda Hausawa ke ce da shi Gamzaki. Kalmar da Bitrus ya rubuta da Helenanci ita ce fosforos, watau mai kawo haske. Kafin mu nemi ma'anar misalin, ya kamata mu san abin da aka yi misali da shi, gama wanda bai san halin tunkiya ba, ba zai gane zancen makiyayi ba.

Mutane da yawa suna tsammani Gamzaki dabam ne, Zara matar wata kuma dabam, har suka ba ɗaya sunan namiji, ɗaya na mace. Helenawan dā ma haka suka yi zato da fari. Amma abu guda ne. Ba kuwa tauraro ba ne irin sauran, gama ba shi da hasken kansa. Duniya ce mai duwatsu, girmanta ya kusa kai na tamu, tana kewaya rana kamar yadda tamu ke yi, hasken rana ne kuma take maido mana.

Sai mu lura da hanyarta. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne, muna gama kewaye ɗaya cikin kwana 365. Ita kuwa kilomita miliyan 108 ne, tana gama nata cikin kwana 225. Da yake da'irarta tana cikin tamu, ba ta da ikon yin nisa da rana a idonmu. Iyakar ratarta digiri 47 ne, watau kamar rabin tazarar da ke tsakanin gindin sama da tsakar ka. Domin wannan ba wanda ya taɓa ganin Gamzaki a tsakiyar sama da tsakar dare. Ta kan yi wata takwas da 'yan kai tana bin bayan rana a yamma, mu ce Zara. Sa'an nan ta ratsa tsakaninmu da rana, ta ɓace kamar kwana takwas, ta fito a gabas tana gaba da rana, mu ce Gamzaki. Bayan wata takwas kuma ta shiga bayan rana kamar kwana 50. Dukan zagayen nan kwana 584 ne. A 1610 Galileo, mutumin Italiya, ya dube ta da madubin hangen nesa, ya ga tana ƙaruwa tana raguwa kamar wata, ya gane lalle rana take kewayawa.

Nan ne ƙarfin misalin yake. Sauran taurari su kan fito a gabas ko da wace sa'a ta dare, ba su gaya wa mai tsaro kome ba sai ya san lissafinsu. Amma wanda ya ga Gamzaki ya tabbata rana tana biye, ba za ta wuce sa'a uku da 'yan mintoci ba. Duhu yana nan tukuna, duk da haka an riga an ga shaidar wayewar gari. Masu ɗaukar ɓacewarsa ko fitowarsa alamar mutuwar sarki ko ta yunwa, su sani ana iya lissafa ranakun nan shekaru ɗari kafin su zo.

Yaya zaman wurin yake? Kyansa daga nesa ne kaɗai. Gizagizai masu kauri sun rufe shi ruf, su ne ke maido da kashi uku cikin huɗu na hasken da ya sauka a kansu, shi ya sa yake ƙyalli haka. Gizagizan kuwa ba na ruwan sha ba ne, na ruwa mai ƙuna ne irin na batirin mota. Iskar wurin kusan duka irin wadda gawayi ke fitarwa ce sa'ad da yake ci. Zafin rana ya kan shiga, ba ya samun hanyar fita, har zafin ƙasa ya kai wajen digiri 465, abin da ya isa ya narkar da dalma. Ya fi na duniyar da ta fi kusa da rana. Nauyin iskar ya ninka namu sau 90 da ɗoriya, kamar mutum ya nutse mita 900 cikin teku. A 1970 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Venera 7 ya sauka, ya aiko da labari na minti 23. A 1982 Venera 13 ya jure minti 127, ya aiko da hotunan duwatsu. Wani abin mamaki kuma, juyinta a bisa kanta yana cin kwana 243, ya fi shekararta tsawo, kuma baibai take juyawa, rana ta yamma take fito mata.

Wannan ya isa ya sa mu yi hankali da wani labari da mu kan ji. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da ranarmu, cikin kwana huɗu kacal. Zuwa 2022 waɗanda aka tabbatar sun wuce 5,000. A 2017 aka sanar da guda bakwai kewaye da tauraro ɗaya, TRAPPIST-1, girmansu kusa da na tamu. Sau da yawa a kan ce an sami 'yar'uwar duniyarmu. Amma yawancinsu girmansu da nisansu daga taurarinsu kaɗai aka auna. Da wani mai hange daga can zai auna mu da Zara haka, tagwaye zai ce da mu. A ganinmu, tambayar da ta kamata ita ce, wace irin iska ke wurin?

Aikin wannan mako: kowane ɗan aji ya duba yamma bayan faɗuwar rana, ya duba gabas da asuba, ya gane ko Zara ce yanzu ko Gamzaki. Ya miƙa hannu, ya ƙirga dunƙule nawa ne daga gindin sama zuwa gare shi, ya rubuta ranar. Idan bai gan shi ko ɗaya ba, ya rubuta wannan ma, ya zo da takardar ran Lahadi.