Tarkon Rabon Cikakkun Lambobi Wajen Fitar da Kaso Cikin Ɗari a Nazarin Harshe

Manazartan da ke ƙidayar kalmomi da kwamfuta, musamman masu bin diddigin kalmomin aro a jaridu da littattafai, sukan rufe aikinsu da jadawalin kaso cikin ɗari. A wannan mataki na ƙarshe ne wani kuskure kan kutsa, kuma tushensa shi ne yadda wasu harsunan shirya manhaja ke gudanar da rabawa.

A harsunan C da Java, haka ma a rumbunan bayanai na PostgreSQL da SQLite, idan aka raba cikakkiyar lamba da wata cikakkiya, amsar ma cikakkiya take fitowa. Duk abin da ke bayan ɗigo sai a watsar da shi. A ƙaddara mai bincike ya sami kalmomin aro daga Larabci 37 a matani mai kalmomi 250. Lissafin alƙalami zai ba shi kashi 14.8. Amma in ya rubuta (37 / 250) * 100, kwamfuta rabawa za ta fara yi, 0.148 ya koma 0, sannan ta ninka shi da 100. Sakamakon sifili ne.

Wannan kuskure da sauƙi, domin wanda ya ƙidaya kalmomi 37 da idonsa ba zai yarda da sifili ba. Abin tsoro shi ne gyaran da aka saba yi masa, wato gabatar da ninkawa: 37 * 100 / 250. A nan 14 ke fitowa, lamba mai kama da gaskiya wadda ba ta tayar da hankalin kowa, alhali kusan kashi ɗaya ya salwanta. Kwamfutar yankewa ta yi, ba ta kai lambar ga mafi kusa da ita ba, ta yadda 14.99 ma 14 zai zama. Idan rukunan jadawali biyar ne, kowanne ya yi irin wannan asara, jimilla na iya tsayawa a 97 ko 98, a ɗora wa mai buga rubutu laifin da ba nasa ba.

Python, wanda masu nazarin harshe ke yawan amfani da shi, ya sauya wannan hali a fitowarsa ta 3 a shekarar 2008: alamar / tana ba da amsa da ɗigonta, // kuma ita ke zubar da guntun. Sai dai tsofaffin manhajojin ƙidaya da aka rubuta da Python 2 suna nan ana gadonsu hannu zuwa hannu, ba a cika duba cikinsu ba.

Mafita ita ce a mayar da ɗaya daga cikin lambobin mai ɗigo tun kafin rabawa: 100.0 * 37 / 250 yana ba da 14.8. Inda dole sai an tsaya kan cikakkun lambobi, a ƙara rabin abin da ake rabawa da shi: (3700 + 125) / 250 yana ba da 15. Ya kuma dace jadawali ya nuna ainihin adadin, 37 cikin 250, a gefen kowane kaso, domin mai tantance muƙala ya iya sake lissafin da kansa.