Ɗamarar Kariya ga Maharbin Baka a Kan Bishiya

Farautar barewa da baka da kibiya a Amurka aba ce da ake yin ta galibi daga kan bishiya. Kibiya ba ta cin dogon zango. Yawancin maharba ba sa saki sai barewa ta matso kusan mita 20 zuwa 30. Barewar Amurka mai farar wutsiya kuwa hancinta da kunnenta kaifi gare su, ba ta yarda mutum ya kusance ta a ƙasa. Shi ya sa maharbi yake kafa dandamali a jikin bishiya, mita 4 zuwa 6 daga ƙasa, ya zauna shiru yana dakon ta bi ta ƙarƙashinsa. Jihar Wisconsin ce ta fara ware lokacin farautar baka a shekarar 1934, kuma baka mai gargare da Holless Wilbur Allen ya samu lasisin ƙirƙirarsa a 1969 ya ƙara jawo mutane cikin harkar. Yau da kaka ta kama, daga Satumba zuwa Nuwamba, dazuzzukan Michigan da Ohio da Pennsylvania cike suke da masu zaman bishiya.

Wanda bai san harkar ba zai ɗauka harbin kuskure ne babban haɗarinta. Likitocin sashen haɗari a jihohin farauta sun san cewa faɗowa daga bishiya ta fi harsashi da kibiya kawo musu masu munanan raunuka. Mutumin da ya suɓuto daga mita 6 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da ɗan ɗori, da gudun kusan kilomita 39 a awa. Babu lokacin cafke reshe. Abin da ke biyo baya shi ne karayar ƙashin baya, da na ƙugu, da na diddige, da bugun kai. Idan laka ta taɓu, ƙafafu kan shanye har ƙarshen rayuwa. Kuma maharbin baka yakan fita shi kaɗai, tun kafin ketowar alfijir, zuwa inda ihu ba ya kaiwa kunnen kowa.

Ɗamarar kariya ita ce maganin da aka yarda da shi. Ɗamara ce ta maɗaurai masu ƙarfi da ke zagaye kafaɗu da ƙirji da ƙugu da cinyoyi biyu, da igiya guda da ke fitowa daga tsakanin kafaɗu a baya, a maƙala ta da ƙugiyar ƙarfe a wani maɗauri da ya zagaye bishiya. Idan mutum ya faɗo, nauyinsa yana rarrabuwa a cinyoyi da ƙugu, ya tsaya kansa a sama. Da can bel ɗaya ake ɗaurawa a ciki, kuma ya halaka mutane da dama: yana iya zamewa ya shaƙe ƙirji, ko ya juyar da mutum kai ƙasa. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ta hana dogaro da irin wannan bel wajen tare faɗuwa a wuraren gini tun farkon 1998, masu ƙera kayan farauta su ma suka yi watsi da shi. Wanda har yanzu yake da shi a cikin kayansa, ya jefa shi a kwandon shara.

Sanya ɗamara kaɗai bai wadatar ba, kuma a nan ne ko tsofaffin hannu suke yin sakaci. Yawancin faɗowa tana faruwa ne lokacin hawa, da lokacin sauka, da lokacin da ake ɗaga ƙafa daga tsani zuwa dandamali. Maharbi yakan sa ɗamararsa tun daga mota, ya hau bishiya da igiyar tana reto a bayansa, da niyyar sai ya zauna ya maƙala. Wato ya tsare kansa a inda haɗari ya fi ƙanƙanta, ya bar kansa a sake a inda ya fi yawa. Ƙa'idar da masu koyar da farauta suke nanatawa ita ce mutum ya kasance a haɗe da bishiya tun kafin ƙafarsa ta bar ƙasa har ta dawo ƙasa.

Hanyar cika wannan ƙa'ida ta danganta da irin dandamalin. Mai amfani da tsani ko dandamalin da aka riga aka ɗaure yana rataya doguwar igiya daga saman mazauninsa har gindin bishiya. A jikinta akwai ƙullin Prusik, wanda wani mai hawan duwatsu ɗan Austiriya, Karl Prusik, ya fito da shi a 1931. Ƙulli ne mai wayo: idan aka tura shi da hannu yana zamewa sama ko ƙasa, amma da nauyi ya fizge shi sai ya cije igiya gam. Maharbi yana maƙala ƙugiyarsa a ƙullin, yana tura shi gaba yana hawa. Mai kafa sabon dandamali kuwa yana amfani da maɗauri irin na masu hawa falwaya, wanda ke zagaye bishiya daga ƙugu zuwa ƙugu ya bar hannu biyu su yi aiki. Shi kuma mai dandamalin da ake rarrafawa da shi sama, yana matsar da maɗaurinsa ne a jikin bishiya taki bayan taki.

Inda aka ɗaura igiyar ma yana da hukunci. A sa ta sama da kai yadda idan an zauna za ta kusa miƙewa, ba tare da ta yi lanƙwasa ba. Maharban baka sukan sassauta ta don kada ta tare musu gwiwar hannu lokacin jan tsarkiya, musamman da yake harbin ƙasa yana sa mutum ya sunkuya daga ƙugu ya leƙa gefen dandamali. Sai dai duk abin da aka ƙara na sako-sako ƙarin nisan faɗuwa ne, kuma wanda ya zarce dandamalinsa da yawa ba zai iya komawa kansa ba. Gyaran wannan matsala a ƙasa ake yin sa, ta hanyar gwada harbi da ɗamara a jiki kafin lokacin farauta. Baka da kwari kuma ba a hawa da su a hannu ko a baya, domin tsinin kibiyar farauta reza ne. A ɗaure su da siririyar igiya a bar su a ƙasa, sai an zauna an maƙala sannan a jawo su kamar guga.

Akwai haɗarin da ke zuwa bayan ɗamara ta yi aikinta. Wanda ya daɗe yana reto, maɗauran cinya suna matse jijiyoyi, jini ya taru a ƙafafu, ya kasa komawa zuciya yadda ya kamata. Jiri kan biyo baya, sai suma, kuma suma a rataye na iya kisa. Don haka ake haɗa ɗamara da wani ɗan maɗauri da ake warwarewa a taka shi, a miƙe a kai don jini ya zagaya. Amfaninsa yana ga wanda ya ajiye shi a aljihun da hannu zai kai. Haka waya da usur. Wanda ya faɗo ya yi ƙoƙarin komawa kan tsani ko dandamali nan take, idan ya gagara ya riƙa motsa ƙafafu yana tura bishiya da su har taimako ya zo. Taimako kuwa yana zuwa ne ga wanda ya gaya wa na gida bishiyar da zai hau da lokacin dawowarsa.

Kayan su ma suna tsufa. Maɗaurin da ya shekara a daji rana ta cinye ƙarfinsa, kurege ya gaigaye shi, bishiya ta yi ƙiba ta ɗame shi. A sauke dandamali bayan kowace kaka, a duba ɗinki da ƙusoshi kafin a sake kafawa, kuma a guji busasshiyar bishiya ko mai ruɓaɓɓen ciki. Masu ƙera ɗamara suna rubuta wa'adinta a jikinta, galibi shekara biyar. Wadda ta taɓa tare faɗuwa sau ɗaya ta gama aikinta, ko da ido bai ga yagewa ba. A yanka ta a zubar, a sayi sabuwa.