Daga Dutse Zuwa Tauri: Yadda Hankali Ke Ciro Ma'ana

Gabatarwa

Yaron da ya tashi a Garu, cikin garin Dutse, ya san duwatsu tun yana rarrafe. Ya taɓa wannan, ya hau wancan, amma bai taɓa ganin tauri kansa ba. To, ta ina wannan ma'ana ta shigo masa? Abin da wannan 'yar maƙala za ta duba ke nan.

Ra'ayoyin Masana

Aflatun na ƙasar Girka yana ganin ma'anoni suna nan tun fil azal, tunowa kawai rai ke yi. Almajirinsa Aristo bai yarda ba. A wurinsa, ma'anar tana cikin abin, hankali ne ke zare ta. John Locke na Ingila, a littafinsa na 1690, ya nuna cewa zuciyar jariri kamar farar takarda ce, sai gani da ji da tunani su yi rubutu a kanta.

Ibn Sina (980–1037) ya kira wannan aiki tajridi, watau tuɓewa, ya kuma kasa shi mataki huɗu. Ido yana riskar dutse in yana gabansa. Surantawa tana riƙe kamarsa bayan an bar wurin. Wahami yana riskar abin da ido ba ya gani, kamar yadda tunkiya ke gane gaba a jikin kyarkeci. Daga ƙarshe hankali ya tuɓe launi da girma da wuri, ma'ana ta saura tsurarta. Sai dai a ganinsa, wannan mataki ba ya cika sai da haske daga hankalin da ke bisa na ɗan Adam.

Wannan bahasi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da manɗiƙi ta littafin Sullam na Al'ahdari, kuma Shaihu Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864) ya yi wallafa a kan falsafa.

Shaidar Nahawu

Hausa tana da hanya biyu. Daga mutum aka samo mutuntaka, daga yaro aka samo yarinta: abu ne a gaba, ma'ana a baya. Amma a rukunin sunayen da F. W. Parsons ya nazarta a 1955, abin ya juya. Daga tauri aka samo tattaura, daga zaƙi aka samo zazzaƙa. Mai dabino a kasuwar Shuwarin cewa zai yi kayansa suna da zaƙi, kamar zaƙin wani abu ne da ake mallaka.

Kammalawa

Nahawu ba zai raba gardamar Aflatun da Aristo ba, domin tsarin kalma daban, tsarin tunani daban. Amma ya nuna Bahaushe yana da kayan aikin tuɓe ma'ana a harshensa. Saboda haka, kafin mu ari kalmar falsafa daga waje, ya kyautu mu fara laluben rumbunmu.