GINI DA KIYAYE FADAMA: DARASI GA MAGIDANTA DA MAGINA

Fadama ita ce rumbun ruwan ƙasa. Da damina takan shanye ambaliya, da rani kuwa ta riƙa sakin ruwan sannu a hankali ga rijiyoyi da lambuna da wuraren kiwo. A arewa maso gabashin ƙasar nan babu kamar fadamar Haɗeja da Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke malala kafin su zama Komadugu Yobe. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. A Dagona ta ƙasar Bade kuma tsuntsaye sukan zo tun daga Turai su ci rani.

Kada mutumin Potiskum ya ce abin ya yi masa nisa. Kifin da yake ci, da shanu da dama da ake kaiwa babbar kasuwar dabbobi ta garin, da wannan ruwa suke rayuwa.

Abin da ke cutar fadama

Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage ambaliyar shekara-shekara, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Amma akwai ɓarna ta uku wadda maganinta ke hannun kowane magidanci, wato yadda muke gini. Ana cike fadama a yanka filaye, ana kuma sare giginya domin azara, alhali takan yi shekaru masu yawa kafin ta isa sara.

Hanyoyin gyara

1. A yi gini a tudu, a bar wa ruwa hanyarsa. Wanda ya gina gida a kwari, shi ya gayyaci ambaliya.

2. A riƙe tubali da soro. Katangar ƙasa mai kauri tana tare zafin rana, ɗaki ya yi sanyi ba tare da lantarki ba. A gyara yaɓe da indararo kafin kowace damina.

3. A rage itace a rufi. Tun wajen 1980 magina a Jamhuriyar Nijar suka koyi rufe ɗaki da kumbon bulon ƙasa zalla, babu azara ko ɗaya. Abin da maƙwabci ya iya bai fi ƙarfinmu ba.

4. A mai da kacala kayan aiki. A Senegal ana yankanta a yi jinka, ana kuma cakuɗa ta da ƙasa a buga bulo. Ga hanyar ruwa ta buɗe, ga ɗaki ya samu.

Gini ma malami ne

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ajin da aka gina da ƙasar wurin, da tagogi masu shigo da iska, da randar tara ruwan sama, da bishiyoyi kewaye, yana koya wa yaro abin da allo bai faɗa ba. Malamai su kai almajiransu bakin fadama, su ƙidaya tsuntsaye, su auna ja da bayan ruwa kowane wata.

Jama'a, fadama amana ce. Yadda muka gāje ta da rai, haka ya wajaba mu miƙa ta.

Tambayoyi

1. Wane aiki fadama take yi da damina, wane kuma da rani?
2. Yaya ake rufe ɗaki ba tare da azara ba?