Ɗalibin Zayyana da Ma'aunin Aikinsa: Hanyoyin Gane Ƙarfi da Rauni

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ya miƙe zuwa Shinkafi ko ya ratse ta Zurmi, ba zai rasa ganin aikin masu zayyana ba: allunan shaguna, rubutun jikin manyan motoci, fostocin 'yan siyasa da sanarwar asibiti. Isowar jirgin ƙasa Ƙaura a 1929 ta bunƙasa cinikin garin, kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a 1983 kuma ya ƙara yawan masu neman a tsara musu takarda. A yau ɗalibin sakandare mai wayar hannu na iya haɗa fosta cikin rabin sa'a.

Abin da muke nufi da zayyana a nan shi ne tsara rubutu da hoto da launi domin isar da saƙo. Sana'a ce da ba ta wasa ba. A ƙarshen 2016 annobar sanƙarau ta ɓulla a Ƙaramar Hukumar Zurmi, ta bazu zuwa wasu jihohi, kafin ta lafa a 2017 ta halaka fiye da mutum 1,000 a Nijeriya. A irin wannan lokaci, sanarwar rigakafin da jama'a suka kasa karantawa daidai take da wadda ba a manna ba. Saboda haka wajibi ne ɗalibi ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Yabon abokai ba zai nuna masa wannan ba, domin laifi tudu ne. Abin da zai nuna masa shi ne awo. Ga ma'aunai huɗu da kowa zai iya gwadawa.

Ma'auni na farko: nisa da girman harafi

A 1862 wani likitan ido ɗan ƙasar Holan, Herman Snellen, ya fito da allon haruffan nan da ake gwada gani da shi a asibiti. Bisa lissafinsa, mai lafiyayyen ido yana gane harafi idan tsawonsa ya cika kusurwar kashi ɗaya cikin 12 na digiri a idon mai kallo. A nisan mita 6, wannan ya kama kusan milimita 9. A taƙaice, kowace mita ɗaya ta nisa tana buƙatar kimanin milimita ɗaya da rabi na tsawon harafi.

Mu ɗauki misali. An ba ɗalibi aikin allo da za a kafa a bakin titin Ƙaura zuwa Shinkafi, ana so a fara karanta shi daga mita 50. Idan aka ninka 50 da 1.5 za a sami milimita 75, wato santimita 7.5. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin da ido mai kaifi zai gane a haske mai kyau. To ina ga dattijo, ko mai haɗa baƙi sannu a hankali, ko lokacin hazon hunturu? Hikima ita ce a ninka adadin sau biyu ko uku, harafi ya kai santimita 15 zuwa 22.

Akwai kuma batun lokaci. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin kusan mita 17 a kowace daƙiƙa, don haka mita 50 ɗin nan za ta shanye su cikin daƙiƙa 3. Allon da aka cusa wa jimla huɗu da lambobin waya uku ba zai karantu ba. Wannan cunkoso shi ne raunin da ya fi damun masu koyo, kuma ko gwanaye ba su tsira daga gare shi ba. Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a Landan ya zana tutar Nijeriya, aka zaɓe ta a 1959. Zanensa na asali yana da jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta, aka bar kore da fari kawai. Ragewa ma gwaninta ce.

Ma'auni na biyu: launi

A bayan idon ɗan Adam akwai ƙwayoyi iri uku masu gane launi, kowane iri ya fi amsa wani sashe na haske. Fuskar waya da ta kwamfuta suna haɗa hasken ja da kore da shuɗi, idan ukun suka cika sai a ga fari. Injin ɗab'i kuwa da tawada yake aiki, ita kuma tawada shanye wani sashe na haske take yi. Shi ya sa maɗaba'a ke amfani da launi huɗu dabam: shuɗi mai haske, ja mai karkata zuwa shunayya, rawaya da baƙi. Koren da ke ƙyalli a waya yakan fito a dushe a takarda. Ɗalibin da bai san dalili ba sai ya ɗora wa mai injin laifi.

Bugu da ƙari, ba kowa ke rarrabe ja da kore ba. Masanin kimiyya John Dalton na Ingila ya bayyana wannan matsala a 1794, domin shi kansa yana da ita. Gadonta ake yi, kuma ta fi kama maza, har a cikin Turawa takan sami kusan namiji ɗaya cikin 12, a Afirka kuwa adadin bai kai haka ba. A 1917 likitan Japan Shinobu Ishihara ya fito da hotuna masu ɗige-ɗigen launi da ake gano ta da su. Ya kamata mai son wannan sana'a ya yi gwajin tun da wuri. Samun matsalar ba ya hana shi aiki, sai dai ya riƙa neman wani ya duba masa launi.

Gwaji mafi araha shi ne a kai zanen shagon hoton takarda, a fitar da shi baƙi da fari. Idan rubutu ya narke cikin launin da ke bayansa, kamar yadda ja kan yi a kan kore, to bambancin haske da duhu bai isa ba.

Ma'auni na uku: haruffan Hausa

A rubutun boko akwai haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ da ƙ. Barin lanƙwasar na sauya ma'ana. Baki dabam, baƙi dabam. Kafa dabam, ƙafa dabam. A sanarwar awon ciki, tsakanin bari da ɓari akwai rai. Tun 1991 tsarin Unicode, wanda kwamfutoci ke gane haruffa da shi, ya tanadi wa waɗannan haruffa gurbi, amma da yawa daga samfuran rubutu masu ado ba su ɗauke da su. Sai a ga ɗan akwati a madadin harafi, ko harafin ya fito da siffar da ta saɓa wa 'yan'uwansa. Kafin ɗalibi ya zaɓi samfuri, ya rubuta wannan jimla da ƙanana da manyan baƙaƙe ya duba: Ɓarawo ya ɗauki ƙwarya.

Har ila yau, ya tuna da wanda zai karanta. Shinkafi da Zurmi suna kusa da kan iyakar Nijar, inda ake rubuta ƴ a wurin da mu muke rubuta 'y. Akwai kuma jama'a da dama da suka fi sakewa da ajami. A nan ne ɗalibin da ya yi makarantar allo yake da wani ƙarfi da sau da yawa ba ya lura da shi. Hannunsa ya saba da alƙalami da daidaita layi, idonsa kuma ya saba da zayyanar allon sauka, da dagi, da aska takwas ta gaban babbar riga. Duka waɗannan darussa ne na daidaito da maimaita siffa.

Ma'auni na huɗu: ingancin hoto

Hoton waya tarin ƙananan ɗigo ne. Domin ya fito tsaf a takardar da za a riƙe a hannu, maɗaba'a kan nemi ɗigo 300 a kowane inci. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, don haka cika ta na buƙatar ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo. Hoto mai faɗin ɗigo 1,000 ba zai wuce santimita 8.5 ba in ana son ya yi kyau, kuma WhatsApp kan matse hoto ya rage masa ɗigo. Ɗalibi ya nemi hoton asali, ya duba adadin ɗigonsa kafin ya karɓi kuɗin kowa.

Aiki ga malamai

Malamin zane-zane ko na kimiyya na iya raba aji gida-gida, kowane gida ya tsara sanarwar ranar rigakafi da kalmomin da ba su wuce 10 ba. A manna su a bango, a auna mita 10, a gayyato 'yan wani aji su kalli kowace na daƙiƙa 3, sannan su rubuta abin da suka fahimta. Daga nan a yi gwajin baƙi da fari, a duba lanƙwasar haruffa. Kowane ɗalibi ya ja layi a littafinsa, a dama ya rubuta ma'aunin da ya ci, a hagu wanda ya faɗi tare da dalili. A maimaita bayan wata ɗaya, a kwatanta.

Kammalawa

Ɗalibin da ya ce "ban iya launi ba" bai faɗi abin da za a iya gyarawa ba. Wanda ya ce "rubutuna ya ɓace a gwajin baƙi da fari" ya riga ya san abin da zai yi gobe. Mai son zurfafa ilmi a wannan fanni yana iya nufar Sashen Zayyanar Kayan Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ake koyar da zayyana tare da fasahar yadi da tangaran. Kafin nan, ya riƙe lissafi da kimiyyar haske da ƙa'idojin rubutun Hausa da muhimmanci, ya kuma adana kowane zane da kwanan watansa, domin ya riƙa ganin inda ya ci gaba da inda saura aiki.