Alewar Wiwi da Ɗaukewar Al'ada

Wata mai sauraronmu ta tambaya ko alewa da biskit masu wiwi suna maganin zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada. Hajiya, babu ƙwaƙƙwarar hujja, shi ya sa a 2023 ƙungiyar likitocin wannan fanni ta Arewacin Amurka ba ta amince da su ba. Masu cewa suna kawo barci su sani, wiwin da aka ci yana iya ɗaukar har awa biyu kafin ya kama, har mutum ya ƙara, sai jiri da bugun zuciya su biyo baya. Kanada ta halatta irin wannan alewa a 2019, amma a Najeriya laifi ne. Ki ga likita, maganin homon ya fi inganci.