Gwangwanayen Gadalla Gubara

A kudancin Hartum, babban birnin ƙasar Sudan, akwai wata unguwa mai suna Mayo. Hausawa da yawa sun zauna a cikinta. Kakannin wasunsu sun taso daga Kano, ko Sakkwato, ko Damagaram, sun nufi Makka a ƙasa. Da suka iso bakin kogin Nilu sai suka yada zango. Zangon nan kuwa ya zama gida.

To, in yaron Mayo yana son ganin yadda Hartum take lokacin da kakansa yake saurayi, ina zai duba? Kaka tana iya ba shi labari, amma labari ba ya nuna fuska. Sai hoto, sai kuma fim.

Yara, fim ɗin da ba a cikin waya yake ba. Wani dogon zare ne mai faɗi, kamar na roba, an jera ƙananan hotuna a kansa, ɗaya bayan ɗaya. Ana naɗe shi, a sa cikin gwangwani mai murfi. Ranar kallo, sai a ɗora shi a kan na'ura mai fitila. Na'urar tana haska hoto 24 a kan farin ƙyalle cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda saurin nan ido ba ya rarrabe su. Sai ka ga doki yana sukuwa, alhali hotuna ne tsayayyu. Wannan shi ne abin da iyayenmu suke kira majigi.

Amma zaren fim ba ya son zafi, ba ya son laima, ba ya son ƙura. In an bar shi a ɗaki mai zafi, sai ya fara warin tsami, ya lanƙwashe, ya manne da juna. Daga nan fuskokin da ke ciki sun tafi ke nan. Hartum kuwa gari ne mai tsananin zafi da guguwar ƙura.

A wannan gari aka yi wani mutum mai suna Gadalla Gubara. Ya fara sanin majigi ne yana soja, a lokacin yaƙin duniya na biyu. Daga baya ya koyi aikin sosai, har ya je karatu Amurka. Ranar 1 ga watan Janairu 1956, da Sudan ta sami mulkin kai, yana wurin da na'urarsa, yana ɗaukar tutar ƙasa tana hawa sama. Ya ɗauki sarakuna da shugabanni, ya ɗauki ma'aikata da mawaƙa. Cikin shekarun 1970 ya gina gidan shirya fim na kansa a Hartum, ya sa masa suna Studio Gad. A lokacin ne ya yi wani fim na soyayya mai suna Tajuj. Duk abin da ya ɗauka yana ajiye cikin gwangwanaye.

Da tsufa ya zo, Gadalla ya makance. Ku duba wannan al'amari: mai ɗaukar hoto, ba ido! Amma bai daina aiki ba, domin yana da ɗiya mai suna Sara. Shan inna ya kama ta tun tana ƙarama, duk da haka ta zama gwanar iyo, ta yi gasa har a tekun Italiya. Ita ce ta zama idon mahaifinta. Yana faɗin abin da yake so, tana duba na'ura.

A shekarar 2008 aka rushe Studio Gad bayan doguwar shari'a a kan filin. A shekarar nan kuma Gadalla ya rasu. Iyalinsa suka riƙe gwangwanayen. Daga 2013, Sara ta haɗa kai da wata ma'ajiyar finafinai ta birnin Balin, a ƙasar Jamus, mai suna Arsenal. Aikin yana son haƙuri. Ana buɗe gwangwani, a share zaren a hankali, a liƙe inda ya tsinke, sannan wata na'ura ta kwafe hotunan ɗaya bayan ɗaya zuwa kwamfuta.

A ƙetaren kogi, a birnin Umdurman, akwai wata taska da ta fi ta Gadalla girma nesa ba kusa ba. Can ne gidan rediyon Sudan, wanda ya fara magana a 1940, da gidan talabijin, wanda ya fara nuna hoto a 1962. An tara finafinai wajen 13,000 a wurin, kafin yaƙi ana lissafa taskar cikin mafi girma a Afirka.

Ranar 15 ga watan Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Gidan rediyo da talabijin ya zama fagen fama, sai a watan Maris 2024 sojojin gwamnati suka karɓe shi. An wawashe kayan babban gidan tarihi na ƙasa. Mayo ma ta sha wuta, mutane da yawa suka bar gidajensu da abin da hannu zai iya ɗauka.

Finafinan Gadalla da aka kwafe kuwa suna nan a Balin, ana ganin wasunsu a intanet. A cikinsu akwai wanda ya ɗauka a titunan Hartum wajen 1960. Yaron Mayo da ke gudun hijira yana iya ganinsa a waya: ga motoci suna wucewa, ga mutane cikin fararen tufafi suna kai da kawowa.

Tambayoyi

1. Yaya Hausawa suka sami kansu a Mayo?
2. Waɗanne abubuwa uku ne suke lalata zaren fim?
3. Me ya sa aka ce Sara ta zama idon mahaifinta?
4. In ana haska hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya, hoto nawa ake haskawa cikin minti ɗaya?

Aiki

Tambayi mutanen gidanku hoton da ya fi tsufa a gidan. Rubuta sunan wanda ke ciki, da garin da aka ɗauke shi, da inda ake ajiye shi.